Kwalbar Ƙarshe ta Lambun Shafa

Ranar nan gajimare ya sauko har bakin titi, Ɗa'ifa ta zama kamar garin da bai gama farkawa ba. Sufeto Ayid yana kurɓar gahawa a ofis, rabin hankalinsa na wajen taga, sai waya ta yi ƙara. An yi sata a lambun wardin Baffa Muslih, can saman dutsen Shafa, inda direbobin gari ke kai baƙi yawon yini.

Ayid ba ya ƙaunar hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, amma ya hau. Tun kafin ya hango lambun ƙamshi ya tare shi, har ya ji idonsa na lumshewa.

Ya tarar da dattijon tsaye a ɗakin dafa wardi, tsakiyar tukwanen tagulla.

"Me aka ɗauka, Baffa?"

"Kwalba ɗaya, ɗana. Ba ta fi yatsana ba, amma man wardin bana ne kaf. Kuma daga shi babu wani. Na sayar da lambun, masu otal za su tumɓuke shi bayan Sallah."

Ayid ya dubi kanta. Ga kwalaben ruwan wardi masu adon zinariya jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ɓarawon ya wuce su, ya zura hannu bayan tsohuwar tukunya ya zaro wadda ba ta da ko rubutu.

"Wa kake zargi?"

"Daifallah, direban nan mai bakin aku. Shi ya kawo baƙi da hantsi."

"Ban da kai wa ya san maɓoyar?"

"Babu kowa," in ji dattijon, yana kallon ƙasa. Ayid bai ji daɗin kallon nan ba.

A tashar direbobi, Daifallah ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Haba Yallaɓai! Ni da ban san bambancin wardi da ganyen albasa ba? Ko ƙofar ɗakin ban leƙa ba."

"Tokar murhun ce ta biyo takalminka da ƙafarta?"

"To... na ɗan leƙa. Shayi na je roƙo, wallahi. Tambayi tsohuwar da na ɗauko, Ummu Ra'id, ita ba ta shiga lambun ba, kan dakali ta zauna."

Ummu Ra'id mutuniyar Riyad ce, ta gudo wa zafi. Ayid da Daifallah suka same ta a masaukinta lulluɓe da bargo, tana kallon duwatsu suna ɓacewa suna dawowa.

"Na ga mutum, ɗana, ko kuwa gyangyaɗi na yi, Allah masani. Ya ɓullo daga cikin gajimare. Ya tsaya gaban wata tsohuwar bishiyar wardi kusa da ƙofa, ya shafa ta kamar mai gaida uwarsa. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Da ya fito, hannunsa na dafe da ƙirji."

Daifallah ya kau da kai. Da Ayid ya tsare shi da ido, sai direban ya ce a hankali, "Marigayiya Wadha ce ta dasa bishiyar nan, matar ƙanin Baffa. Ɗanta Nawwaf direba ne a tasharmu. Tun da aka fara zancen sayarwa ba sa ga-maciji da Baffa."

Nawwaf dogo ne, mai sanyin magana. Ayid ya same shi yana goge gilashin motarsa, rigar sanyi a rufe har wuya.

"Yaushe rabonka da Shafa?"

"Ban taka ba bana, Yallaɓai. Yini na yi a hanyar Hada, baƙina na jefa wa birai ayaba."

"Madalla. Kai ni ofis mana, motata ta ƙi tashi. Ka rufe tagogi, ka kunna ɗumi, sanyin nan ya shiga ƙashina."

Suka gangara a hankali. Gajimare na shafar gilashi, bishiyoyi na wucewa kamar mutanen da aka taɓa sani. Ɗumi ya cika motar. Can sai ƙamshi ya fara tashi, siriri da farko, daga baya ya cika ko'ina, har Ayid ya tuna mayafin kakarsa ranar Juma'a. Nawwaf kuwa tuƙinsa kawai yake yi, ko hanci bai motsa ba.

"Tsaya a nan," in ji Ayid.

Motar ta tsaya.

"Da baƙo ne ya ɗauka, da ya jefa ta bayan mota, sanyi ya daskarar da man, ba mai ji. Amma ku 'yan gida ba ku iya barin man wardi ya kwana a sanyi. Jikinku kuke manna shi, kamar jariri. Ya narke, Nawwaf. Yana tsattsafowa ta murfi."

Nawwaf ya dubi ƙirjinsa. Ga ɗan tabo a riga, bai kai ƙwayar dabino ba. Ya zaro kwalbar.

"Ba sayarwa zan yi ba, Yallaɓai. Har da furen bishiyar Inna a ciki. Na roƙi Baffa ko ɗigo ɗaya, ya ce an riga an yi wa wani alkawarinta. Mutane suna cewa in Inna ta wuce, sai an jima ƙamshinta bai bar hanya ba. Na ce bari in ji shi ko sau ɗaya kafin a tumɓuke komai."

"Ka ji?"

"Na buɗe a bakin dutse. Na shaƙa har kaina ya yi ciwo." Ya girgiza kai. "A gindin tukwanen nan aka haife ni. Hancina ya daina jin wardi tun ban yi wayo ba."

Tausayi ya kama Ayid sosai, amma aiki aiki ne. Ya karɓi kwalbar, ya bar ankwa a aljihu. Suka yi musayar kujera, shi ya tuƙa.

A ƙofar ofis, kafin kurtu ya shiga da shi, Nawwaf ya waiwayo.

"Yallaɓai, kai da ka ji... yaya yake?"

Ayid ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara. Aka wuce da Nawwaf ciki, ƙamshin na biye da shi.