Gishirin Mutanen Toranke

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Amma Ɗantanin da ke ciki babana ne, shi ya sa na daure.

Daminar da kwalara ta shigo ƙasar Gaya, aka yi ta raɗe-raɗin za a rufe kasuwanni. Mutane suka wawashe gishiri, mai nema ya rasa. Hukuma ta aiko da buhuna Ajingi, ta ce kowane gida mudu ɗaya, ba ƙari.

Ranar rabon Toranke aka buɗe sito. Buhu huɗu babu.

Saje Maiwada ya iso daga Gaya a kan keke. Ya duba kwaɗon sito, ba a fasa ba.

"Ɗantani, kai ne mai gadi. Ina makulli?"

"Ranka ya daɗe, ni sanda aka ba ni. Makulli na wurin Malam Hadi mai awo."

Malam Hadi ya gyara hula. "Na ba shi ajiya ranar Laraba, Saje. Tsufa ne ya sa ya manta."

Kabo mai jakai, wanda ya kawo buhunan, ya ce, "Ina sauke kaya na wuce Gafasa, can na kwana uku." Dagacin Gafasa ya shaida.

Saura biyu. An bincike gidajensu ɗaki-ɗaki, ba komai, amma har an fara cewa a ɗaure Baba.

Saje ya zaga gari. A bayan gidan Malam Hadi ya tarar da Dada Hure tana jan akuyarta tana zagi.

"Dada, lafiya?"

"Ina lafiya, ɗan nan! Ga ciyawa shar ko'ina, amma awakin unguwa sun nace wa gindin rumbun nan, sai lasa!"

Saje ya durƙusa. Ƙasar a jiƙe, gefenta fari-fari.

"Malam Hadi, me ke cikin rumbu?"

"Gero."

"Akuya ba ta lasar ƙasa don gero. Ka ajiye gishiri kamar hatsi, ka manta cewa da damina jiƙewa yake, ya ɗiga. A ɗaga jinkar!"

Ga buhuna huɗu ƙarƙashin dammunan gero.

Da la'asar Saje ya miƙa wa Baba mudu. "Kai za ka auna."

Matan Toranke suka jeru, Baba yana cika wa kowace har da tozo. Ni kuwa hawaye sun zo mini. Na rungume littafina, na zame ta bayan sito tun kafin wani ya waiwayo ya ga ina kuka.