Numfashin da Ta Yanke

Ranar da ya fara zuwa sutudiyon, ƙofa ce ta fara gaishe shi. Ƙofar ɗakin ɗaukar murya gajera ce, shi kuwa Allah ya yi masa tsawo, sai ji kake ƙum. Wata budurwa ta ɗago daga kan kwamfuta tana danne dariya.

"Sannu. Kowa sai ta gaishe shi ranar farko."

"Ai gaisuwar ta yi ƙarfi, ranki ya daɗe," ya ce yana shafa goshi. Suka haɗa ido, ita ce ta fara kawar da nata.

Wani darakta ne ke shirya fim, yana son kundin waƙoƙin hip-hop guda goma sha biyu da za su raka labarin tun daga farko har ƙarshe. Saurayin nan ne mawaƙin, ita kuma mai gyaran sauti. Yakan shiga bayan gilashi ya yi ta zuba baitoci kamar ana korarsa, idan ya fita ta zauna da muryarsa. Babban aikinta shi ne bin waƙa layi-layi tana yanke duk inda ya ja numfashi, don kalmomin su zauna daram a kan kiɗa. Darakta ba ya son jin haki a fim ɗinsa.

Shi ya sa mawaƙin ya laƙaba mata Almakashi, ita kuma ta rama da Malam Numfashi. Abin da bai sani ba, ko numfashi ɗaya ba ta taɓa gogewa ba. Wata 'yar ma'ajiya ta buɗe a kwamfutar tana tara su, ba ta kuma yarda ta tambayi kanta dalili ba.

Kafin a kai waƙa ta biyar, saƙonni sun fara.

"Almakashina, yau kin yanke ni sau nawa?"

"Sau tamanin da uku. Ka rage gudu, ba wanda ya biyo ka."

"Ke nake bi, shi ya sa nake haki."

Ta karanta wannan ya fi sau goma kafin ta ajiye wayar.

A waƙa ta takwas ya ce yana so manyansa su je gidansu. Ta ce ya bari ta fara shirya Baba. Mahaifinta tsohon mai gyaran rediyo ne, ya yi shekara arba'in kunnensa na manne da sifika, har yau kuma ɗakinsa na zaure cike yake da wayoyi da ƙananan kusoshi a gwangwanaye. Ta zaɓi waƙar da ta fi goguwa, wadda ta kwashe kwana uku tana gyarawa, ta kunna masa da hantsi tana murmushin wadda ta gama cin jarrabawa.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"Uwata, minti uku yaron nan yana magana bai tsaya ya ja numfashi ba. Mutumin da ba ya tsayawa, yaushe zai ji abin da matarsa ke faɗa? Irin wannan bakin kawai ne, ba komai a bayansa. Ban yarda ba."

Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga hannu. A gidansu idan Baba ya ɗaga hannu, magana ta ƙare. Mama ta ja ta ciki tana cewa ta yi haƙuri, ta san halin mahaifinta.

Da ta faɗa wa mawaƙin, ya tashi ya fita. Washegari bai zo ba. Sai saƙo:

"Tunda Baba ya ce a'a, ba zan riƙa zama ɗaki ɗaya da ke kullum ina yi masa ha'inci ba. Zan ɗauki sauran a wani sutudiyo in turo miki. Ki yafe ni, Almakashina."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe murya takan iso, mai muryar babu. Ta sa abin ji a kunne, ta kalli ɗakin gilashin da ba kowa ciki sai makirufon da ya ɗaga daidai tsawonsa, ta hana kowa saukar da shi. Kewarsa ta yi mata yawa har abinci ya daina yi mata daɗi. Wani lokaci idan aiki ya lafa da rana, sai ta buɗe ma'ajiyar nan ta kunna numfashinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ji kamar yana tsaye a bayanta.

A waƙa ta goma sai ga muryar mace tana yi masa amshi, murya mai zaƙi, har da dariyarsu tare a ƙarshen ɗauka. Ranar almakashi ya yi aiki. Ta yanke dariyar, ta rage wa amshin ƙarfi har sai da darakta ya kira yana tambayar ina mawaƙiyarsa ta shige. Cikin kunya ta maido da amshin. Daga baya ta ji ashe matar mai wancan sutudiyon ce, da 'ya'yanta uku.

Saura waƙa ta goma sha biyu, kuma ta san daga ita babu sauran abin da zai haɗa su. Waƙar fitowar ƙarshe ce a fim ɗin, inda jarumin fim ke tsaye a ƙofar gidan yarinyar ya kasa ƙwanƙwasawa.

Ta kunna. A hankali ya fara, ba gudu. Ya kai inda yake cewa, "Na zo ƙofarku da baki cike, na koma da shi ban buɗe ba," sai muryar ta karye. Ya yi shiru. Ana jin yana jan numfashi, yana saki, yana sake ja. Ta duba allon: daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ta ɗora hannu za ta yanke, hannun ya ƙi. Ta kwafe waƙar yadda take, ba kiɗa ba gyara, ta ɗauki jakarta.

Ta sami Baba yana fama da wata tsohuwar rediyo. Ta durƙusa.

"Baba, sifikar wurin aikinmu ce ban yarda da ita ba. Ka ji mini wannan a taka."

Ya jona. Da aka zo wurin shirun, ya ajiye abin kwance kusa. Da ta ƙare ya ce, "Maido." Sau uku ya saurara.

"Wannan ciwo ne yake magana. Wane ne?"

"Shi ne, Baba."

"Wancan mai gudun? To ina ya kai numfashinsa a waccan?"

Hawaye suka zubo mata. "Ni na yanke, Baba. Aikina ke nan. Kwana uku na yi ina cirewa don ya burge ka."

Baba ya dube ta ta saman tabarau, ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa.

"Ashe ke kika ɓata mini suruki. Ce masa ya zo in ji shi da kunnena, ba ta hannunki ba."

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Malam Numfashi, Baba na nemanka. Ka yi magana a hankali, kuma ka sunkuya, ƙofarmu ma gajera ce."

Amsar ta zo nan take: "Ina hanya, Almakashina. Bari in tsaya in ja numfashi tukuna."

Darakta ya so a cire shirun, ta ce ko a bar shi ko a cire sunanta daga kundin. Da ya ɗora shi a kan fitowar ya gani, ya yarda a bar shi. Kundin ya fita da daƙiƙoƙinsa goma sha ɗaya, wata biyu bayan nan aka ɗaura aure.

Da za a tafi da ita, Baba ya riƙe hannunta ya sa a na ango.

"Kai, ka riƙa tsayawa kana jin ta. Ke kuma almakashin nan, a wurin aiki za ki riƙa barinsa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka amsa da amin. A mota ta zaro wani ɗan filashin kwamfuta daga jaka ta danƙa masa.

"Mene ne wannan, amaryata?"

"Numfashinka ne, dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida. Ajiya na yi maka. Yanzu ga mai shi kusa da ni, ba na bukata."