Idon Husaina Na Hagu

Ranar kasuwar Dogon Dutsi aka kawo Husaina asibiti, ta ɗaure kai tamau, goshinta duk shaidar ƙaho. Shekara biyu ciwon kai na kayar da ita. Nazifi, ma'aikacin jinya, ya murza auduga siririya.

"Ɗago ki dube ni, malama."

Da ƙyar ta ɗago don kunya. Ya taɓa idon dama, ya ƙifta. Ya taɓa na hagu, ko motsi. Gabansa ya faɗi, kuma wallahi ba don aiki kaɗai ba.

"Iskar nan Doguwa ta riƙe ta," in ji gwaggonta. "A Lugu, gun 'yan bori, an ce namijin da ya matso ta ba ya kai damina."

"Gwaggo, ƙiftawa daga gindin ƙwaƙwalwa take zuwa. Wani abu ya tare hanyar. Ku tafi Yamai."

A Yamai aka manna mata wayoyi ƙarƙashin ido, aka ɗan ja mata lantarki a goshi. Na hagu ya makara. Hoto ya nuna ƙari ya danne jijiya. Kullum Nazifi na kira, tun ana zancen magani har aka koma zancen aure.

Mahaifinsa, Alhaji Is'haƙa, ya ce atafau. "Ban yarda da iska ba, amma ba ni haɗa zuri'a da gidan bori. Ga Amira nan, ɗiyar aminina."

Aka yi tiyata. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da jin kunnen hagu, baki ya karkace. Husaina ta rubuto wa Nazifi:

"Ka auri Amira. Na duba madubi."

Ya amsa: "Sanyin raina, na san hakan na iya faruwa. Na ɓoye miki don kar ki ƙi aikin ki mutu. Ki yafe mini, ki aure ni."

Kwana tara ba ta tanka ba. Nazifi ya rame, abin tausayi. Ran na goma:

"Na yafe. Kar ka ƙara zaɓa mini."

Alhaji bai zo ɗaurin aure ba, ƙanensa Mani ya karɓa wa Nazifi auren. Mata suka cika gida, rabi don ganin ko ango zai faɗi. Gwaggo ta sa albarka tana kuka.

Da aka watse, Nazifi ya zauna gefen amarya na hagu, ya faɗi maganar da ya daɗe yana tanadi. Husaina ta dube shi.

"Zagayo dama, angona. Ban ji komai ba."

Ya zagaya, ya sake daga farko.