Jatan Lande Kafin Motar Ƙarfe Shida

"Lamai, sai yaushe za ki ba ni amsa? Motar ƙarfe shida fa zan bi!"

Lamai ba ta juyo ba. Ɓare jatan lande kawai take yi. Shekararsu huɗu da Thawin, yau kuma zai bar Songkhla, jibi ya hau jirgin Koriya. Su biyun aka bai wa aiki a masana'anta ɗaya. So yake su yi rajistar aure a Bangkok su wuce tare.

"Phi, zauna mana. Ba za ka tafi da yunwa ba." Phi take ce masa, wato yaya.

"Ba abinci na zo ci ba, masoyiyata. Gwaggonki ta ce za ta riƙe Mae..."

"Gwaggon da ko tsakar gida da kyar take ƙetarewa? Ranar Talata a bakin teku aka tsinto mahaifiyata, ruwa har gwiwa, tana kiran Baba! Ka manta?"



Ta ɗora kasko, mai ya yi zafi, ta watsa tafarnuwa da jajjagen barkono. Ƙauri ya turnuƙe kicin ɗin. Ta juye jatan landen, ta bi da sukarin kwakwa da ɗan ruwan kifi. Nan da nan suka nannaɗe, suka yi ja. Ita fa zuciyarta ta tafi Koriya tuntuni, har jaka ta haɗa ta tura ƙarƙashin gado.

Sai ga Mae, mahaifiyar Lamai, ta shigo tana jan takalmi.

"Sannu 'yan mata. Ke ce sabuwar mai aikin?"

Lamai ta ce, "Ni ce, Mae."

"To ki ƙara sukari, ki matsa lemun tsami. 'Yata Lamai ba ta iya cin yaji, ƙarama ce. Yanzu za ta taso daga makaranta. Bari in je ƙofa... tsoro take ji in ta dawo ba ta tarar da kowa ba."

Cokalin ya suɓuce daga hannun Lamai.

Thawin ya sunkuya ya ɗauka. Da suka haɗa ido, bai sake tambayarta komai ba.

Ta zuba masa a kan shinkafa. A tsaye ya ci, loma uku ya yi ya ajiye kwanon.

"Shekara uku ce kacal. Zan dawo, na rantse miki!"

"Kar ka rantse, Phi. Ban san ranar da zan sami kaina ba, ba kuma zan zauna ina fatan ranar ta zo ba. Uwata ce fa..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya riƙe hannunta mai ƙamshin tafarnuwa ya daɗe, sannan ya saɓa jakarsa. A bakin ƙofa ya haɗa tafukansa ya rusuna wa Mae, ya miƙe hanya bai waiwayo ba.

Lamai ta fito da kwano, ta zauna kusa da mahaifiyarta. Mae ta ɗanɗana ta gyaɗa kai, idonta na kan hanya.

"Yaron can yana da ladabi. Naki ne?"

"Nawa ne, Mae."

"Kar ki bari ya kuɓuce miki, 'yar nan. Irinsu ba su da yawa."

"To, Mae," in ji Lamai. Ta ɗauko wani jatan landen ta sa mata a baki.