Ƙullin Ciyawar Haliru

Da la'asar sakaliya Sirajuddeen ya shiga dajin tuddan da ke kan tsohuwar hanyar ƙafa daga Kalgo zuwa Gwandu, shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya suna bin ta ziyara shi da yayansa Haliru. Haliru uban sauri ne, kullum yana gaba, sai dai duk mararrabar da ya wuce yakan ƙulle ciyawa, ƙullin bahago, don ƙaninsa ya san inda zai bi. Bara ya yi gaba, ba a sake ganinsa ba. Siraju ya hana a yi masa addu'ar mamaci, ya ce yayansa na raye, shi zai nemo shi.

Rana ta yi ja. Tsuntsaye suka yi tsit, ba ka jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa. Ya iso mararraba, ya rasa gabas ya rasa yamma.

Sai ƙamshin turaren Haliru ya buso daga kwazazzabon dama.

"Siraju," aka ce a hankali. "Taho wurin ga. Ni na."

Hawaye suka zubo masa. "Yaya, ina ka shige? Matarka Hadijatu na can tana jiran ka."

"Taho dai."

Ya ɗaga ƙafa ke nan, wani abu ya motsa a hagunsa. Ciyawa ce ta sunkuya, ta naɗe, ta ƙullu a kan idonsa, ba hannun kowa.

Ƙullin bahago.

Tun da suke tafiyar nan Haliru bai taɓa tsayawa kiransa ba, ƙulli kawai yake bar masa.

Ya yi hagu da gudu, yana jan Ayatul Kursiyyu. Muryar ta biyo shi, tana roƙo, tana kuka, daga baya ta koma gurnani.

Ƙulli. Wani ƙullin. Wani kuma.

Na ƙarshe yana bakin daji, inda gonakin Masama suka fara, ana kiran sallar magariba. Siraju ya durƙusa ya riƙe shi. Da ɗumi, kamar yanzu aka sake shi.

"Yaya, mu tai gida mana."

Ya jira har aka idar da salla. Ko ciyawa ɗaya ba ta sake motsi ba.

Da ya koma Kalgo bai shiga gidansa ba. Ƙofar matar yayan ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ita, ya ce, "Hadijatu, gobe a tara mutane a yi addu'ar."