Gurasar Taibatu

"Ɗaure kayanki, Auta. Gobe muna Maradun."

Balarabe ne, yayan Shatu, tsaye a tsakar gida ko zama ya ƙi yi.

"Yaya, ka bari dai a yi sadaka..."

"Sadakar wa? Mutumen da yab bar ki shekara tara, yat tahi Makka yay yi aure nai? Mi kika jira kuma?"

Maiwada yake nufi, mijin Shatu. Maiwada ya bar Bakura a ƙasa da ayarin alhazai tun lallen amarcinta bai goge ba, ya ce, "Ki jira ni, hasken ɗakina." Ta kuwa jira. An yi an yi ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi.

Sai shekaranjiya Bawa na Mafara, abokin tafiyarsa, ya iso riƙe da wata 'yar yarinya mai gashi har baya. Maiwada ya rasu a hanyar dawowa, can ƙasar Wadai. Yarinyar ɗiyarsa ce, Taibatu. Uwarta mutuniyar ƙasar Hindu ce da ya aura a Makka, ita ma ta riga shi. Liman ya ce ai takaba ta ƙare tun kafin labari ya iso. Ko takabarsa ba a bar wa Shatu ba! Abin da ke cin ranta ɗaya ne: ashe tana nan tana jira, shi ya manta da ita.

Ita kuma Taibatu an ruɗe ta ne cewa babanta ya yi gaba. Da ta zo ba ta gan shi ba, sai ta rufe bakinta. Tuwo, fura, nono, duk ta kau da kai.

"'Yar Maradun, ki taimake ni, ita kaɗai yab bar min," in ji Inna Kaltumi, uwar Maiwada, tana kuka. Haka duk gidan ke kiran Shatu, don sunan surukar Inna gare ta. Maiwada kaɗai ke faɗin sunan, shi ma sai a ɗaka.

Bawa ya ce ko a gwada gurasar mutanen uwarta. "Da uwar ta rasu, shi ka yi mata da hannu nai, ko'ina munka yada zango."

Maiwada da murhu? Mutumin da ko ruwa sai an miƙa masa? Zuciyar Shatu ta yi zafi. Amma yarinya ba ta da laifi, alkama kuwa a Bakura ba abin nema ba ce. Ta niƙa, ta tankaɗe, ta sa tsami ta bar ƙullun ya tashi, yadda kowace mace ta san gurasa. Taibatu ta sunsuna, ta juya baya.

Da safe, Balarabe na ɗaura wa jaki kaya, Shatu ta sake durƙusawa gaban dutsen niƙa, don kada ta tafi da hakkin marainiya. Ta ɗauki faifai za ta tankaɗe ke nan, sai wani ɗan hannu ya riƙe nata.

Taibatu ce. Ta tura dusar ta koma cikin garin. Ta nuna ruwa, ta nuna gishiri, ta ture ƙwaryar tsami. Shatu ta kwaɓa da tauri, yarinyar na cura ƙanana. Aka kife akushi, aka murza da muciya har ya yi fele-fele. Shatu za ta zuba mai a kasko, Taibatu ta girgiza kai. Da aka juya gurasar, ta kamo bakin zanen Shatu ta nuna mata ta danna gefe.

Sai ga gurasa ta kumbura kamar kumatun mai busa.

Shatu ta shafa mata man shanu, ta miƙa. "Ci, 'yar Baba."

Taibatu ta karɓa, amma ba ta kai baki ba. Ta ajiye a faifai, ta rufe a hankali.

"Wagga ta Shatu ta," in ji yarinyar.

Muciya ta faɗi daga hannun Shatu.

Bawa, da ya shigo yi wa Inna sallama, ya sunkuyar da kai. "Haka yaka yi. Ta hwarko kullum sai shi aje, shi ba mabuƙaci da sunanki. Ko ranar da babu, bai taɓa hwasawa ba."

"Ina... ina Shatun take?" Shatu ta tambayi yarinyar.

"Tana gida," in ji Taibatu. "Tana jiranmu."

Kukan da Shatu ta riƙe tun zuwan Bawa ya ƙwace mata. Ta jawo yarinyar ta rungume.

"Kun iso, ɗiyata. Ni ta Shatu."

Taibatu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta buɗe faifan, ta ɗauko gurasar da hannu biyu ta miƙa mata. Sai da ta ga Shatu ta gutsura, hawaye na sauka a kai, sannan ta nuna kasko, a yi mata tata.

"Auta, rana na yi," Balarabe ya kira daga zaure. Da ya ji shiru ya leƙo. Yana ganinsu ya koma ya fara kwance igiyar jakin.