Tagar da ke Bayan Kabad

"Auta! Wai ina kika kai hotunan bangon nan ne?"

Muryar Umma ce daga ƙofar falo. Auta na tsugune gaban kwali, tana naɗe kofunan tangaran da tsohuwar jarida.

"Suna cikin kwali, Umma. Mai sayen gida ba ya son ya shigo ya ga rayuwar wasu, so yake ya hango tasa."

"Oh ni! Wayar taki ce ta gaya miki haka?"

"Ita ce mana, Umma. Bidiyo nawa na kalla!"

Tun rasuwar Baba gidan ya yi musu girma, aka yanke shawarar a sayar, Umma ta koma ƙaramin gida kusa da Yaya, babban ɗanta. Sai dai duk wanda ya zo gani, da ya leƙa falo sai ya yamutsa fuska ya ce gidan akwai duhu, ya yi gaba. Shi ya sa Auta ta ɗaura ɗamarar gyara shi da hannunta. Ta fitar da kujerun da suka cushe hanya, ta sauke labule masu nauyi ta rataya farare, ta goge fanka har tana ɗaukar ido.

Akwai kuma dalilin da ba ta faɗa da baki. Yaya ne uba yanzu, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar aurenta, amsarsa ɗaya ce: "A bari a sayar da gida tukuna."

Wanda ke neman auren nata mai fenti ne. Yaya ne ya laƙaba masa Zabo don raini, saboda ɗigon farin fenti da ba ya rabuwa da hannunsa da gashinsa. Sunan ya bi shi, har ita ma Auta ta ɗauka, amma a bakinta daɗi yake yi.

Ranar ya zo da bokitinsa da buroshi, ya gaida Umma har ƙasa, sannan ya tsaya yana kallon ƙaton kabad ɗin katako da ya cinye bangon gabas.

"Ranki ya daɗe," ya ce da Auta, "wannan giwar fa? Sai ta matsa kafin in shafi bayanta."

"Tun da aka haife ni a nan na gan ta. Ka iya da ita?"

"Idan kina kallo, ko dutse ne zan ture."

"Kai dai Zabo, baki kamar rediyo!"

Suka kwashe kayan ciki, ya sa kafaɗa, ita ma ta kama gefe. Kabad ya yi ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya soma ja da baya. Sai wani siririn haske ya faɗo a kan ƙafar Auta, ja kamar garwashi. Suka ƙara turawa.

"Subhanallahi!" Auta ta saki katakon ta dafe ƙirji.

Taga ce, doguwa, tun daga kusa da rufi har zuwa ƙugun mutum, an jera mata ƙananan gilasai ja da kore da ruwan zuma. Rana ta bugo ta baya, launukan suka zubo a kan tayil, suka hau bango, suka hau farin labule, har ƙurar da ke yawo a iska ta koma kamar garin zinariya. Falon da Auta ta sani a matsayin kogo tun tana rarrafe, yau ga shi yana numfashi. Ta miƙa hannu cikin hasken, tafinta ya zama kore. 

Umma ta shigo don jin ihun me ake yi. Ta tsaya cak. A hankali ta nemi kujera ta zauna, idonta ya ciko.

"Babanku ne ya jera su da hannunsa," ta ce, "shekarar da aka kawo ni gidan nan. Daga baya ruwan sama ya riƙa shigowa ta ƙarƙashinta, ya ja kabad ya tare, wai kafin ya samu sukunin gyarawa. Yayanki ya girma, aka haife ki, sukunin bai zo ba. Wallahi har na manta kalarta."

Sai a lokacin Auta ta dubi ƙasan tagar. Bangon ya yi baƙi da danshi, filasta ta kumbura, ga tsaga ta gangara har ƙasa.

Da rana Yaya ya iso da mukullin mota a hannu. Bai ko dubi launukan ba, idonsa a kan baƙin tabon ya sauka.

"Wa ya ce ku taɓa kabad ɗin nan? Gobe dillali zai kawo mutane! Kai Zabo, shafe wurin da fenti, ka mayar da shi inda yake."

"Yaya, fenti a kan danshi ba ya zama," in ji Zabo a ladabce. "Damina ɗaya zai tona asiri, a lokacin kuma wasu bayin Allah ne a ciki. A bar ni in kankare, in toshe tsagar, ya bushe."

"Kafin gobe?"

"A'a, sai ya ɗau lokaci."

"To ji nan. Kai da Auta ba kwalliya kuke wa gidan ba? Ɓoye tarkace a kwali da ɓoye tabo a bayan kabad, meye bambancinsu?"

Ita ma Auta tambayar ta taɓa ta. Zabo ya sunkuyar da kai.

"Tarkacen namu ne, Yaya, da mu za su tafi. Tabon kuwa nasu zai zama."

Yaya ya nuna shi da mukulli. "Kabad ya koma, ko kuma ka manta da hanyar gidan nan, da wadda ke cikinsa!"

Bayan ya fita, Auta ta bi Zabo har bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Don Allah ka mayar. Yini ɗaya ne fa! In an sayar, shi ke nan, an wuce wurin."

Ya daɗe yana kallon hannunsa mai ɗige-ɗige. "Auta, ina son ki fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma in na fara zaman aure da ke a kan rufa-rufa, ran da na ce miki ina son ki, da me za ki gane ba fenti ba ne?"

Ta koma ciki ta kifa kai a cinyar Umma ta yi kuka mai isarta. Umma na shafa mata kai, idonta a kan tagar. Da Yaya ya turo masu ɗaukar kaya su mayar da kabad, Umma ta ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Na yi zaman duhu ya ishe ni."

Washegari da hantsi dillali ya kawo wani malamin makaranta da matarsa. Matar na sa ƙafa a falo ta tsaya, ta kama hannun mijinta. Launuka sun kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa darduma, ga farin labule na kaɗawa, ga tulun fulawa ɗaya tak da Auta ta ajiye a kan tebur.

"Malam," ta ce da ƙaramar murya, "ka ga abin da nake gani kuwa?"

Malamin ya gani, amma ya ga wurin da Zabo ya soma kankarewa tun da safe da izinin Umma.

"Wannan fa?"

"Ɗan datti ne kawai," Yaya ya yi caraf.

Malamin ya juya ga mai buroshi a hannu. "Kai ne mai aikin. Datti ne?"

Auta ta runtse ido.

"Ruwa ne ke shiga ta ƙasan tagar, Malam," in ji Zabo. "Ya daɗe yana shiga. Zai gyaru, amma ban gama ba."

Malamin ya gyaɗa kai, ya ce za su yi shawara. Suna fita Yaya ya fashe.

"Ka kashe mana ciniki! Fita! Kuma in na sake ganin ƙafarka..."

"Babba."

Umma ce ta kira Yaya. Ba ta ɗaga murya ba, amma falon ya yi tsit.

"Ubanku mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma tsaga ɗaya ya rufe da kabad, muka rasa hasken nan har ya koma ga Mahaliccinsa. Yau ga yaro ya zaɓi ya rasa abin da yake so a kan ya cuci baƙon da bai sani ba. Wanda ya ƙi ɓoye aibin bango, ba zai ɓoye wa 'yata halinsa ba. A sayi gida ko kada a saya, na ba shi Auta. In kana da ja, da ni za ka yi."

Yaya ya juya. Karo na farko ya ɗaga kai ya dubi tagar sosai, jan haske ya sauka a fuskarsa. Ya ajiye mukullin a kan tebur.

"Ina tuna ta," ya ce a hankali. "Ina ƙarami nakan bi koren nan da rarrafe, wai zan kama." Ya share ido da bayan hannu. "Kai Zabo, me ka tsaya kallo? Ba ka da aiki ne?"

Zabo ya ci gaba da zuwa kullum. Ya kankare, ya toshe, ya jira bango ya bushe ba tare da gaggawa ba, Auta na kawo masa ruwan sanyi tana tsokanarsa wai zabo ya zama ɗan gida. Ranar da ya yi shafar ƙarshe, sai ga malamin da matarsa sun dawo.

"Mun zaga gidaje da yawa," in ji malamin, "kowanne fes da sabon fenti, kuma kowanne sai na riƙa tunanin me ke ƙarƙashinsa. Nan ne kaɗai aka nuna mini ciwon kafin in biya kuɗin magani."

Aka yi ciniki, aka sa ranar aure. Ranar da za su bar gidan, Auta ta tsaya cikin hasken ta buɗe tafin hannunta, ya sake zama kore. Zabo na bakin ƙofa da kwalin hotuna a ka.

"Kada ki damu, ranki ya daɗe. Na auna gilasan, zan jera miki taki."

"In ta yi yoyo fa?"

"Sai mu gyara a ranar. Kabad dai ba zai matso kusa ba."

Haka abin yake. Kwalliya halal ce idan ta fito da kyan da ke akwai, amma abin da aka tare don a ɓoye aibi, shi ne yakan tare haske. Mai gaskiya yakan jira, sai dai ba ya taɓa jiran banza.